A Bayan Masu Zamiya, Daga Sälen Zuwa Mora

Taron da ya kai ni ƙasar Suwidin a ƙarshen Fabrairun 2025 na masu harkar noman rani ne, a birnin Uppsala. An yi jawabai, an sha gahawa, an yi musayar lambobin waya, an watse. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kwanakin da suka biyo baya, waɗanda na yi a lardin Dalarna, a gidan wani injiniya da muka saba tun lokacin da ya zo aikin famfunan ban ruwa a wajen Kadawa. Mutanen ƙauyukan wajen suna tuna shi da abu guda: Baturen da ke fita gudu da sassafe a bakin magudanar ruwa, babu mai korarsa, da 'yar takarda a naɗe a hannu. Ni Injiniya nake ce masa, shi kuma tun da ya koyi Malam bai sake kiran sunana ba. Da ya ji zan shigo ƙasarsu sai ya ce kada in kuskura in koma gida ban ga tseren Vasaloppet na zamiya a kan dusar ƙanƙara ba, domin shi ma yana cikin masu shiga.

Na bar Kano hunturu na ban kwana, zafi ya fara leƙowa. Daga Abuja jirgi ya sauke mu a Santambul, muka yi zaman jira har ƙafa ta yi tsami, sannan muka nufi Sitokholm. Tun a filin jirgin Arlanda aljihuna ya fara gaya mini inda na zo. Krona ɗaya a lokacin tana tsakanin naira 140 da 150, ga shi kofin gahawa da ɗan burodi mai kirfa sun tasar wa krona 70, wato wajen naira dubu goma, kuɗin da mutum uku za su ci shinkafa da miya har da nama a Kano su ƙoshi. Takardun kuɗin da na sha wahalar canzowa kuwa zaman aljihu suka yi, saboda shaguna da yawa sun daina karɓar tsaba. Kati ake gogawa, har a ƙofar ban-ɗaki. Ruwa ne kawai ba a saya, na famfo kowa ke sha.

Daga Uppsala na hau jirgin ƙasa mai nufar arewa maso yamma, tikiti krona 500 da 'yan kai. Tun a tasha na lura da wasu dogayen jakunkuna, kowace ta fi mai ita tsawo, ana ta cusa su saman kujeru da lungunan ƙofa. Allunan zamiya ne a ciki da sandunansu. Muka wuce Sala da Avesta da Hedemora, muka canza jirgi a Borlänge. Daga nan daji ya rufe hanya dama da hagu, dogayen bishiyoyi a miƙe sambal, sai jefi-jefi ka hango gidajen katako, kusan dukkansu ja masu farar taga. Jan fentin daga ragowar ƙasar mahaƙar tagulla ta Falun ake yin sa, mahaƙar da aka rufe a 1992 bayan ɗaruruwan shekaru tana ciyar da masarautar. Bayan Leksand tafkin Siljan ya bayyana ta hagu, ya raka mu har Rättvik da gaba. Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama ya fafe wurin, shekara sama da miliyan 370 da suka wuce. Taragon namu cike yake, amma shiru kamar ana jarrabawa. A motar Kano zuwa Abuja, kafin a kai Zariya ka san garin maƙwabcinka da abin da zai kai shi, har kun raba gyaɗa. A nan wanda muka zauna kujera ɗaya da shi murmushi ya yi mini sau ɗaya, shi ke nan gaisuwarmu.

Mora ƙaramin gari ne, da shi da ƙauyukansa mutum dubu ashirin ne da ɗoriya, amma a makon tseren sai ya cika ya batse. Otal-otal sun ƙare tun watanni, masu gida suna ba da hayar ɗakuna, wasu baƙin kuma a daɓen azuzuwan makaranta suke shimfiɗa katifar iska. Ni Allah Ya hutar da ni. Injiniya ya tarye ni a tasha, ya dubi rigar sanyin da na sayo a Kantin Kwari, bai ce komai ba, muna isa gida ya miƙo mini riga da wando na gashin tumaki masu kama jiki, ya ce su ake fara sawa. Sun ce sanyin bana rago ne, dusar ƙanƙara ma ba ta zuba yadda suke so ba, har sai da masu shirya tseren suka ƙara da wadda inji ke yi. Ni kuwa ragon ma ya ishe ni.

Takalmi a bakin ƙofa ake cire shi, kamar a gida. Karɓar baƙonsu ba ta da hayaniya. Babu dogon lale marhabin, babu cika maka kwano ana rantsuwa sai ka ƙara, amma tun kafin in iso Uwargida ta aiko tana tambayar abin da nake ci da wanda ba na ci. Tayin abinci sau ɗaya suke yi. Wanda ya yi alkunya ya ce ya ƙoshi, to an ɗauka ya ƙoshi ɗin, a kwashe kwano. Daren farko dankali aka dafa da kifi, da wani busasshen burodi mai ƙaras-ƙaras da ake gasawa a Leksand, da wani jan ɗan itace mai tsami-tsami da suke haɗawa da kusan komai.

A bangon kicin akwai ƙatuwar kalanda ta shekara guda, an cika ta da rubutu kala uku: shuɗi na zamiya, kore na gudun taswira, ja na tafiye-tafiyen aiki. Kalandar nan kishiya ce a gidan, kuma kusan kullum ita ke da girki. Daga Disamba zuwa Maris shuɗi ne ke mulki. Da ƙanƙara ta narke a Afrilu sai a jingine alluna a ɗauko takalman daji. Da bazararsu akwai Tiomila, tseren karɓa-karɓa da ake kwana ana yi cikin daji, wanda aka fara a 1945. Tsakiyar Yuni a tsallaka teku zuwa Finlan don Jukola, na mutum bakwai-bakwai, tun 1949. A watan Yuli sai O-Ringen, wanda tun 1965 yake tara dubban mutane, kakanni da jikoki, ana gudu kwana biyar, kowace shekara a sabon wuri. Tsakanin waɗannan kuma ba a yarda hannu ya manta da sanda ba. Akwai gajerun alluna masu taya da ake zamiya da su a kan kwalta, akwai kuma wani rami mai tsawon kilomita 1.3 a garin Torsby, da aka buɗe a 2006, inda ake ajiye dusar ƙanƙara a daskare ko da waje ana gumi.

Na nuna jan da ya ratsa ko'ina na ce, "Injiniya, wannan fa? Mutumin da rabin watansa yana filin jirgi, yaushe yake atisaye?"

Ya ce, "Malam, wasannin nan biyu ba da ido ɗaya suke kallon tafiya ba. Ɗaya tafiya na cutar da shi, ɗaya kuwa ita ce abincinsa."

Wannan magana ita ce abin da na fi ƙaruwa da shi a duk tafiyar. Zamiya 'yar gida ce. Tana son dusar ƙanƙara, da layin da inji ya gyara, da alluna masu tsawon mita biyu waɗanda kamfanin jirgi ke cajin kuɗi dabam kafin ya ɗauka, tana kuma son a maimaita abu ɗaya awa bayan awa. Manyan 'yan wasanta sukan yi awa ɗari takwas ko fiye a shekara suna atisaye. Injiniya, mai aiki da iyali, in ya samu awa bakwai a mako ya gode Allah, kuma mako guda a ƙasar da babu ƙanƙara yakan ji shi a damtsensa. Gudun taswira kuwa baƙunta yake so. Ana ba ka taswira da kamfas a bakin daji, a ce ka nemo tutoci bi da bi, kai za ka zaɓi hanyarka. Dajin da ka sani ba shi da sauran abin koya maka, domin ƙafa ta haddace hanya, ido ya daina karatu. Shi ya sa idan za a yi babbar gasa ake hana masu shiga taka dajin tun da daɗewa, wanda aka kama ya leƙa an cire shi. Ga mai wannan wasa, duk sabon gari makaranta ce kyauta. Alamomin taswirar kuma iri ɗaya ne ko'ina, ƙungiyar wasan ta duniya da aka kafa a 1961 ce ke tsara su, don haka taswirar Fotugal da ta Nowe karatu ɗaya ake yi musu.

Dabarunsa ba na malamai ba ne. Kafin ya yanki tikiti yakan rubuta wa ƙungiyar masu gudun taswira ta garin da za shi, su aiko masa da taswirar wani daji ko lambun shaƙatawa, wani lokaci kyauta, wani lokaci ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Otal kuma ba kusa da ofis yake nema ba, kusa da daji. A jakarsa akwai wata doguwar roba da yake maƙalawa a saman ƙofar ɗaki yana ja da hannu biyu, madadin sandunan zamiya. Ba ya hawa lif, ko ɗakinsa na hawa na goma ne. Babbar dabarar ita ce ta lissafi: makon da ke gaban tafiya yakan ƙure jikinsa da atisaye mai nauyi, don kwanakin jirgi da zaman taro su zama hutun da jiki ke buƙata dama, ba asara ba. A Kadawa babu ƙungiya, babu taswira, sai ya zana tasa daga hoton tauraron ɗan'adam. Takardar da ake gani a hannunsa ke nan.

Akwai dokar da ba ya ketarewa. In ya sauka daga jirgi ya ji maƙogwaro na kaikayi ko jiki ya yi ɗumi, babu gudu sai ya warke sarai. Wannan tsoro yana da tushe. Tsakanin 1979 da 1992 matasa 16 daga cikin masu gudun taswira na Suwidin suka yi mutuwar fuju'a, likitoci suka sami kumburin tsokar zuciya a jikin da yawansu, har a ƙarshen 1992 aka dakatar da manyan 'yan wasan daga atisaye da gasa na wata shida. Shi ya sa a makonnin da ke gaban Vasaloppet yake ƙin karɓar doguwar tafiya. Ya ce murar da za ka ɗauko a cikin jirgi ta isa ta rushe aikin wata huɗu.

Kada mai karatu ya ɗauka duk himma ce kawai. Himmar akwai ta, amma a kan shimfiɗa mai laushi take kwance. Dokar ƙasar ta ba kowane ma'aikaci hutun kwana 25 a shekara da albashinsa. Daji kuma na kowa ne wajen shiga: ko gonar itacen wani ce kana da ikon ratsawa, ka tsinki 'ya'yan itace, ka kafa tanti ka kwana, muddin ba ka yi ɓarna ba kuma ba ka matsa wa gidan mutane ba, kuma tun 1994 wannan haƙƙi yana cikin tsarin mulki. Sai kuɗi. A lokacin shiga tseren kaɗai yana cin wajen krona 2,000, alluna masu kyau sun ninka haka sau uku, ban da takalma da sanduna da man mota. Uwargida ma tana da nata ƙorafin. Ta ce tun da suka yi aure ba ta tuna hutun da suka je wani wuri don wurin kansa ba, kullum sai an bincika akwai taswira a kusa. Ta faɗa tana dariya, amma ba duka ce dariya ba. Ni kuwa Falgore da Rugu suka faɗo mini. Muna da mafarauta da makiyaya da ke karanta daji babu takarda, muna da masu dogon gudu a tsaunukan Filato, amma wane uba ne yau zai saki 'yarsa cikin daji da daddare da fitila a goshi?

Abin da na gani ke nan washegari da yamma. 'Yar gidan, budurwa 'yar sakandare, tana makarantar Mora da ke haɗa karatu da wasannin ƙanƙara, kuma ita wasan da ya haɗa biyun take yi, wato neman tutoci a kan allunan zamiya. Muka raka ta Grönklitt, kan tudu a bayan garin Orsa, inda ƙanƙara ta fi kauri. An bi da babur ɗin ƙanƙara an tsattsaga ƙananan hanyoyi cikin daji, sun sarƙe da juna da gangan. Taswirar ba a hannu take ba, tunda hannaye na riƙe da sanduna. A kan wani ɗan faifai take da ake ɗaurawa a ƙirji, mai juyawa. Na tsaya a wata mararraba ina buga ƙafa don kada ta daskare. Can sai fitilu biyu suka ɓullo a guje, numfashi na tashi kamar hayaƙi. Yarinyar ta sunkuyar da kai daƙiƙa ɗaya, ta murza faifan da yatsa, ta karya hagu ta bi wata siririyar hanya mai gangara. Abokiyarta ta miƙe ta bi babbar hanya mai zagaye. Tutar, fara da ruwan lemo, tana rataye a bayan wani tudu, kuma kusan tare suka isa. Wata 'yar na'ura da ke jikinsu ce ke shaida cewa sun je. A mota kuwa, tun daga can har gida musu suke yi da taswira a cinya, wace hanya ta fi, har uban ya shiga. Na fahimci rabin daɗin wasan a wannan musu yake.

A gida ta shimfiɗa mini taswirar lokacin zafi a kan tebur. Santimita ɗaya mita ɗari ce a ƙasa. Fari shi ne dajin da ake iya gudu a ciki, kore kurmin da zai yage maka riga, rawaya fili, shuɗi ruwa da fadama, layukan ruwan ƙasa tudu da kwari, baƙin ɗigo kuma dutse, har wanda bai wuce ƙugun mutum ba an sa shi. Wasan daga atisayen sojoji ya samo asali, kuma a 1897 aka yi gasar farar hula ta farko a kusa da Oslo. Gwanar da yaran lardin ke koyi da ita, Tove Alexandersson, 'yar Borlänge ce, garin da na canza jirgi. Ta ci kambun duniya sau da yawa a gudun taswira na ƙafa da na zamiya, ta kuma ci a tseren hawan tsaunuka.

Ranar Juma'a aka karɓo lambar shiga tsere, daga nan Injiniya ya shige ɗakin ƙasa ya zama wani mutum dabam. Ya kifa allo a kan benci, ya narka kaki da wani ɗan dutsen guga yana ɗigawa, ya goge, ya bari ya huce, ya kankare, ya bi da buroshi har ƙasan allon ya ɗauki ƙyalli, sannan ya sake daga farko. Kaki iri biyu ne, na santsi a gaba da baya, na kamu a tsakiya don kada ƙafa ta zame baya a hawa, kuma kowanne da awon sanyin da ya dace da shi. Shi ya sa bini-bini ya leƙa ma'aunin da ke jikin taga. Kakin da ke da sinadarin fulorin, wanda a da shi ne sarkin santsi, an haramta shi a gasa tun hunturun 2023 saboda illarsa ga jiki da ƙasa. Manyan 'yan tsere yanzu ba sa ma shafa na kamu, da ƙarfin hannu da ciki kawai suke tura kansu kilomita 90. Injiniya ya ce shekarunsa sun wuce wannan fankama, ya shafa nasa.

Asabar 1 ga Maris aka tashi da azumi. Matafiyi yana da rangwame, amma ban ga dalilin ɗauka ba, domin a wannan lokaci yinin nasu bai fi namu tsawo ba: alfijir kafin biyar, faɗuwar rana wajen biyar da rabi, ga sanyi ba ya barin ƙishirwa. Mahaifiyar Injiniya, wadda duk gidan ke kira Kaka, da ta ji labari sai ta ce ba a yi baƙon da zai ci abinci shi kaɗai cikin duhu a gidan ɗanta ba. Ƙarfe huɗu na same ta a kicin ta dama kunun hatsi mai kauri, ta dafa ƙwai, ga dabino da ta sa aka nemo a wani shagon Larabawa. Ta zauna da kofin gahawarta tana kallona har na gama, ta tambaya ko ruwa ma ba a sha, ta girgiza kai. Abin dariyar shi ne ranar ce gidan ya fi cin abinci, saboda mai tsere yana ɗura taliya da burodi tun safe don ajiyar gobe. Abincin dare dai sun jira ni.

Ranar Lahadi a mota na yi sahur. Mun bar Mora cikin dare, jerin motoci da bas-bas kamar ba za su ƙare ba, duk an nufi Sälen kusa da iyakar Nowe. Filin tashin yana ƙauyen Berga. Tun gari bai waye ba mutane ke shiga su ajiye alluna a layi don kama wuri, sannan su koma gefe suna tsalle-tsalle. Gurbin mutum 15,800 ake sayarwa, an kasa su rukuni-rukuni gwargwadon saurin da kowa ya nuna a baya. Ƙarfe takwas daidai aka sake su. Ba ihu na ji ba, wata irin ƙara ce ta dubban sanduna suna soka ƙanƙara lokaci guda. Ba su yi nisa ba suka tarar da wani dogon hawa inda hanya ta tsuke, na gaba suka wuce, na baya suka cunkushe suna tafiyar hawainiya, wasu sai sun ɓata kusan awa guda a nan.

A hanyarmu ta zuwa tsakiyar tseren Uwargida ta ba ni tarihin. A 1520 sarkin Denmak, Kristian na Biyu, ya karkashe manyan Suwidin a Sitokholm, ciki har da mahaifin wani saurayi mai suna Gustav Eriksson. Saurayin ya gudo Dalarna, ya nemi mutanen Mora su tashi a yi tawaye, suka yi masa sanyi-sanyi, sai ya nufi Nowe. Da labarin kisan ya tabbata sai suka tura gwanayen zamiya biyu suka cim masa a wajen Sälen suka dawo da shi. Shi ne ya zama Sarki Gustav Vasa a 1523. Wani ɗan jarida, Anders Pers, ya kawo shawarar a riƙa tsere a wannan hanya, aka yi na farko ranar 19 ga Maris 1922 da mutum 119, Ernst Alm ya ci cikin awa 7 da minti 32. Wata mace, Margit Nordin, ta shiga a 1923 ta kuma kai ƙarshe, sai aka hana mata shiga, ba a sake buɗe musu ƙofa ba sai 1981.

Zango bakwai ne a hanya, kuma ko yaro a lardin ya haddace su: Smågan, Mångsbodarna, Risberg, Evertsberg, Oxberg, Hökberg, Eldris. Mu a Evertsberg muka tsaya, wajen rabin tafiya. 'Yan sa kai daga ƙungiyoyin wasanni na ƙauyuka sun jeru da kofunan takarda suna miƙa wani kunu mai ɗumi na shuɗin ɗan itacen daji. Masu tsere suna fizga suna kurɓa a guje, rabi a baki rabi a gemu, har ƙanƙarar wurin ta rine. A kowane zango akwai lokacin da ake ja igiya a tare hanya, wanda ya makara sai ya cire alluna ya hau bas. Injiniya ya iso fuska ta yi fari da gishirin gumi. 'Yarsa ta bi shi a guje ta miƙa masa gora, ya ce kalma ɗaya, ta dawo ta ce wai kakin kamun ya fara ƙarewa.

Waɗanda suka ci a rediyon mota muka ji su, domin muna hanya suka isa. Alvar Myhlback, ɗan shekara 18, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa cin tseren, cikin ƙasa da awa uku da rabi, a mata kuma Stina Nilsson ce. Ƙarshen tseren a tsakiyar Mora yake, an zuba ƙanƙara a kan titi, kusa da coci da gunkin Gustav Vasa da mai zanen garin, Anders Zorn, ya ƙera. Wata budurwa cikin kayan gargajiya ce ke rataya wa zakara kambun ganye. Lambar yabo sai wanda lokacinsa bai wuce na zakara da rabinsa ba, don haka in zakara ya yi sauri, talakawan tsere ne ke shan wahala. Injiniya ya shigo bayan awa shida da wani abu, babu lamba, sai takardar shaida. Ya ce tafiye-tafiye biyu da ya yi a Janairu ne suka ci shi, Uwargida ta ce shekaru ne. Da rana ta faɗi da kunun nan na sha ruwa, mai zaƙi-zaƙi ne da ɗan tsami. Har wajen takwas na dare ana shigowa, tsofaffi da masu ƙiba da waɗanda suka karya sanda, kuma tafin da ake yi musu ya fi na zakara.

Litinin duk garin ɗingishi yake. Muka je ƙauyen Nusnäs inda ake sassaƙa ɗan jan dokin katako da ya zama alamar ƙasar. Wanda bai fi tafin hannu ba ya haura krona 300, na shafa shi na ajiye. Wuƙar Mora kuwa, wadda ta yi suna wajen kaifi, ba ta kai rabin haka ba, na sayi tsarabar maƙwabcina mahauci na jefa a babbar jaka. Talata ta zo daidai da ranar da suke cin wani burodi mai cike da kirim kafin azumin Kirista, Kaka ta ajiye mini nawa har magariba.

Tare muka hau jirgin ƙasan komawa da Injiniya, domin aiki ya kira shi Fotugal. Allunan an bar su a ɗakin ƙasa. A jakar hannunsa akwai kwamfuta, riga biyu, takalmin daji, kamfas, da taswirorin wasu dazuzzukan bakin teku da wata ƙungiya ta aiko masa. Tun daga Rättvik ya baje ɗaya a cinya yana bin ta da jan biro, ya ce kwanakin farko tafiya kawai zai yi a ciki, gudu sai ƙafa ta yafe masa, tunda lokacin Tiomila ya fara ƙaratowa. Tashar jirgin ƙasa ta Arlanda a can ƙarƙashin ƙasa take. Ya ɗaga kai ya dubi matakala, ya dube ni, ya ce, "Malam, yau dai mu bi lif."